Ranar da Saniyar Buba Ta Shiga Kwamin Baftisma

Shekarar da tsuntsaye jan-baki suka sauka a kan gero, har mutane suka wuni suna kaɗa gwangwani a gona a banza, ita ce shekarar da na fara ɗaukar kwanon sarki a wurin gini. Babana ya leƙa rumbu, ya ce abin da ke ciki ba zai kai mu damina ba. Ya sa ni a mota daga ƙauyenmu na ƙasar Zuru zuwa Tambuwal, wurin wani magini da ake kira Malam Hassan. Sunana Ayuba. Ina rubuta wannan ne saboda ku samarin cocinmu, da nake ji kuna cewa gini ba komai ba ne illa ɗora bulo a kan bulo.

Malam Hassan Bazamfare ne, ni kuwa Badakkare, kun san wasan da ke tsakaninmu. Ranar da na isa ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Wanga na anka aiko min? Kai bawana, kwano kaka iya ɗauka, ko sai dai akushin tuwo?" Na ce in ya ba ni tuwon zai gani. Ya yi dariya, ya nuna mini tulin yashi.

Damina biyu ban taɓa cokalin gini ba. Yashi ya fara koya mini. Sai ya damƙi yashi a hannu, ya matse, ya buɗe. In ya dunƙule ya bar ja a tafin hannu, akwai laka a ciki, ba zai kama siminti ba. In ya warwatse yana ƙara a tsakanin yatsu, na gulbi ne, shi ake so. Bayan yashi sai kwaɓi. Za ka juya siminti da yashi a bushe da shebur har launinsu ya zama ɗaya kafin ka bari ruwa ya taɓa su. Samari suna ƙin wannan saboda yana cin baya, sai su zuba ruwa da wuri, kwaɓin ya fito wani wuri fari wani wuri ja.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai cokali, da katakon shafe, da igiya mai ƙarfe a baki wadda ake auna tsayuwar bango da ita, da diga. Sai wani dogon tiyo da ake ganin cikinsa, wanda yake cikawa da ruwa in za a daidaita bango biyu masu nisa da juna. Ni a wani baki, shi a wani baki, yana kira, "Ɗaga! Sauke kaɗan! Tsaya nan!" A lokacin ban iya karatu ba, sai da na haura arba'in na shiga ajin manya. Da igiya da taku nake awo, kuma ban taɓa gina ɗakin da ya karkace ba.

Kwamin shayar da shanu na farko da na sa hannu a cikinsa a Jabo ne, a bakin wata rijiya. Mun gama, ya bushe, an cika shi, washegari muka tarar ƙasa ta jiƙe a kusurwa ɗaya. Malam Hassan ya tsuguna, ya bi kusurwar da yatsa, ya ce in duba. Wata 'yar tsaga ce kamar gashi. Ya ce, "In ka yi ha'inci ga bango, kana iya tsufa ba a gane ba. Ruwa kau, gobe-gobe shi ka tona ka." Daga ranar ya koya mini yadda ake lanƙwasa kusurwa da gindin kwalba don kada ta zama mai kaifi, da yadda ake shafa ruwan siminti zalla a ƙarshe, a goge da cokali har ya yi santsi kamar faranti, sannan a lulluɓe da buhuna a riƙa jiƙa su safe da yamma. Aikin ruwa ya zama shi ne nawa. Da ya sallame ni, ya ba ni tsohon cokalinsa wanda bakinsa ya cinye har ya zama kamar ganyen mangwaro.

Masu ba da aiki iri-iri ne. Akwai wanda zai ce ƙara yashi, ai simintin ya yi yawa. Akwai wanda zai tsaya a kanka tun safe yana koya maka aikinka da sanda. A Dogon Daji wani ya matsa a cika masa tanki washegarin filasta saboda baƙin biki, Malam Hassan ya tattara kayansa ya ce in ɗauko tiyo mu tafi. Masu shanu su ne na fi jin daɗin aiki da su. Ba su da yawan magana, za su kawo maka nono da rana, kuma in kwami ya riƙe ruwa za su gaya wa duk danginsu.

Su ne ma suka ja ni zuwa ƙasar Kebbe, inda na zauna a wani gari, na auri Saratu, 'yar wani malamin asibiti daga wajen Yawuri. Mu Kirista a garin ba mu da yawa: 'yan sanda, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu shago, da manoma irin mutanenmu. Kowa da cocin da ya baro a gida. Da muka je neman filin gina coci, mai gari ya ba mu a bayan gari, ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Ɗaki guda na ba ku. Kak ku dawo min gobe ku ce kuna son na biyu." Ni na gina ɗakin. A cikinsa wasu suna durƙusawa in ana addu'a, wasu suna tsayawa da hannu sama, wasu a zaune. Ana waƙa da Hausa, a yi da Dakarci, a yi da Igbo. Duk wannan bai taɓa raba mu ba.

Maganar baftisma ce ta kusa raba mu. A cocin da na taso, sai mutum ya girma ya furta bangaskiya da bakinsa, sannan a nutsar da shi cikin ruwa gaba ɗaya. A cocin su Saratu, jariri ake kawowa a zuba masa ruwa a ka, in ya girma ya tabbatar. Shekaru muna zaune kowa yana tafiya gida ya yi nasa a lokacin Kirsimeti. Sai tsohon mai bisharar da ke raba gurasar Jibin Ubangiji a coci ya koma garinsu, aka ba Baba Dauda farantin.

Baba Dauda tsohon ɗan sanda ne, dattijon ikilisiya, mutum mai kyauta, amma in ya ce a'a sai dai ka gaji. Ranar Jibi ta farko ya bi layi yana miƙa gurasa. Da ya zo kan Saratu, ya wuce. Ya wuce Mama Uche ma, mai shagon kayan masarufi, wadda ta fi shekara ashirin a garin, ita ce kuma ta sayi kwanon rufin cocin.

Ana fitowa Mama Uche ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baba Dauda, idonka ya fara ciwo ne? In kai ka asibiti?"

"Idona lafiya lau, Mama. Teburin Jibi na waɗanda aka yi wa baftisma ne."

"Ni kuma wanka aka yi mini?"

"An yayyafa miki ruwa kina barci a hannun uwarki. Kin san abin da aka yi? Ubangijinmu cikin kogi ya shiga da ƙafarsa."

"To, a Littafi Mai Tsarki da aka yi wa mutum baftisma shi da dukan gidansa, gidan nan babu jariri ko ɗaya? Kai ka leƙa ka gani?"

Mutane suka yi dariya, amma abin bai tsaya a dariya ba. A makon nan Mama Uche ta ce za ta share zaurenta, masu yayyafi su riƙa sujada a can. Kusan rabin cocin ke nan. Saratu ta gaya mini a fili cewa can za ta. Wato ranar Lahadi ni in yi gabas da yara maza, ita ta yi yamma da 'yar mace, kuma duk garin yana kallo.

Malam Iliya, sabon mai bishararmu, ya tara mu a gindin dogonyaro. Bai fara da ruwa ba. Ya riƙa tambaya ɗaya bayan ɗaya: wa ya mutu domin zunubanmu, wa ya tashi, da sunan wa ake yin baftisma. Duk amsa ɗaya muke bayarwa, Baba Dauda da Mama Uche har suna rige-rigen amsawa. Sannan ya ce ba zai roƙi kowa ya bar abin da ya gaskata don a zauna lafiya ba, domin wannan ƙarya ce, kuma ba ta daɗewa. Abin da yake roƙo shi ne kada kowa ya hau mumbari ya ce na ɗan'uwansa banza ne. Ya ce a gina wurin baftisma a bayan coci, kwami mai zurfi don masu nutsarwa, da ƙaramin kasko a kan ginshiƙi a gefensa don masu yayyafi. Ranar Ista a gayyato fasto daga wannan gefe da rabaran daga wancan, kowa ya yi nasa a gaban kowa. Maganar wanda zai ci Jibi kuwa a bar ta sai ranar. Mama Uche ta ce za ta jira zuwa Ista, ba za ta ƙara ko Lahadi ɗaya a kai ba. Malam Tanko, ƙanen matar Baba Dauda, ya ce shi bai ga dalilin ajiye kasko kusa da kwami ba, amma aka fi shi yawa.

Aikin kwamin nan ban taɓa yin mai yawan masu sa ido irinsa ba. Don a san tsawonsa, muka sa wani dogon kofur da ke cikin masu jiran baftisma ya kwanta a ƙasa, na zagaye shi da gawayi, na ƙara taku ɗaya. Baba Dauda ya shiga ramin da kansa ya tsaya, ya ce a ƙara haƙa sai ya kai masa ƙirji.

"Ayuba, kada ka bar wurin da gwiwar mutum za ta leƙo waje."

Mama Uche tana daga sama da kujerarta, ta ce, "Haƙa masa rijiya kawai ka huta."

Ita kuma ta kawo wani kwanon sha daga shagonta ta ce faɗin kaskon ke nan, tsayin ginshiƙin kuma daidai ƙugunta. Baba Dauda ya ce wannan ai na shan ruwan kaji ne. Haka suka yi ta yi, amma kullum da rana ita take aiko da kunun zaƙi, shi kuma shi yake fara sha.

Na zuba kankare a ƙasa da bango rana ɗaya don kada a sami gaɓa. Na yi matakala a baki ɗaya, na lanƙwasa kusurwoyi, na goge ciki duka har matakalar, ya yi santsi kana ganin fuskarka. Muka kewaye wurin da zana, da niyyar in an sami hali a yi katanga. Ranar wata kasuwa Malam Hassan, wanda a lokacin ya tsufa yana dogara sanda, ya biyo ya ga aikin. Ya shafa bangon da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Bawana, aiki ya yi. Amma wanga ai kwamin shanu na, matakala ɗai kaƙ ƙara mai." Na ce shi dai ba ya ganin abu bai tsokane ni ba.

Ista a tsakiyar bazara take zuwa. Rijiyoyi sun ja baya, guga sai ya daɗe kafin ka ji ya taɓa ruwa. Makon nan duka matan cocin suka yi ta jigila da bokiti da jarka, masu nutsarwa da masu yayyafi a hanya ɗaya, suna waƙa. Saratu da matar Baba Dauda tare suke ɗora wa juna kaya. Ranar Jumma'a kwami ya cika fal. Na sa alama da gawayi a bakin ruwa don in ga ko zai ragu.

Ranar Asabar da la'asar na je duba alamar. Tun daga nesa na hango ƙura, na ji kukan shanu. Garken Buba ne, maƙwabcinmu, wanda kakanninsa ma a nan aka haife su, wanda ni na gina masa kwaminsa a bakin famfo. Ashe ranar famfon ya lalace, shanun sun dawo daga kiwo sun tarar da kwaminsu a bushe. Hanyarsu ta bayan coci take. Suka ji ƙanshin ruwa, suka bi ta kan zana kamar ba a taɓa kafa ta ba. Na tarar sun kewaye kwamin suna sha hankali kwance, Buba yana dukan wannan, wancan na komawa.

Da ruwan ya ja ƙasa, wata farar saniya ta miƙa wuya ba ta kai ba, ta taka matakala. Santsin da na wuni ina gogewa ya ɗebe ta, ta zame ta faɗa ciki gaba ɗaya, har kanta ya nutse kafin ta ɗago tana furzar da ruwa. Kwamin tsawon kofur ne, faɗinsa na mutum biyu. Ba ta iya juyawa, ba ta iya ja da baya, kofatonta ba ya kama komai.

Buba ya yar da sanda ya riƙe kai. "Ayuba, ka rufa min asiri! Ciki gare ta, ta kusa haihuwa."

Kafin a jima gari ya taru, namu da nasu. Aka kawo igiyoyi, aka ɗaura a ƙaho, aka zura a ƙarƙashin ciki, ƙarti suka ja. Sai ta taso kaɗan ta sake zamewa, gwiwarta tana bugun kankare. Bayan ja na uku ta daina ƙoƙari, ta ɗora haɓa a bakin kwami tana numfashi sama-sama. Malam Iliya ya tambaye ni abin da za a yi. Na ce hanya ɗaya ce: a haƙa gangare a gabanta, a fasa bangon wancan bakin, ta fita da ƙafarta. Ruwan zai tafi, kwamin kuma ya gama aiki.

Malam Tanko ya ce ba za a yi ba. Ya ce wuri ne da aka keɓe da addu'a, mutum bakwai suna jiran gobe, fasto yana hanya, mai saniya ya nemo mota ta ja abinsa. Wasu suka goya masa baya. Kowa ya juya yana kallon Baba Dauda, domin kowa ya san kwamin nan nasa ne fiye da na kowa.

Baba Dauda ya zagaya ya tsaya a gaban saniyar. Sannan ya ce, "Ayuba, ɗauko diga."

Ku da kuke cewa gini wasa ne, da kun ga yadda bangon nan ya ƙi fasuwa. Diga tana tashi da wuta. Ni da Buba da kofur muka riƙa karɓa-karɓa, sai da rana ta yi ja sannan ya buɗe. Ruwan da mata suka ɗebo mako guda ya bi gangare ya shige ƙasa muna kallo. Aka zuba yashi a ƙarƙashin ƙafarta, Buba ya yi mata magana da Fulatanci a kunne, ta yunƙura ta fito tana rawar jiki. Garin ya ɗauki sowa.

Mama Uche ta matso kusa da Baba Dauda ta ce, "To Baba, wannan dai ta nutse sarai, ni shaida ce. Gobe za ka ba ta gurasa?"

Baba Dauda ya so ya ɗaure fuska, abin ya gagara. Ya ce, "Ba ta furta komai ba, Mama. Ita da ke duk ɗaya."

Har Malam Iliya sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

Da safe fasto da rabaran suka iso a kan babur ɗaya, domin a mararraba shi kaɗai suka samu. Hanya ta jijjiga su har sun saba da juna kafin su sauka. Muka nuna musu ɓarnar. Kwami a fashe, zana a kwance, kashin shanu ko'ina. Kaskon Mama Uche kuwa yana tsaye a kan ginshiƙinsa, ko ƙwarzane babu, kuma bokiti ɗaya ya ishe shi. Jikanta da ake so a yi wa baftisma yana goye a bayan uwarsa cikin farar riga. Wani daga gefen masu yayyafi ya ce da ƙarfi, ai ga shi Allah ya nuna wanda ke kan gaskiya.

Mama Uche ta juya ta ce, "Rufe mana baki. Allah bai aiko saniya ta yi mana shari'a ba." Sannan ta ce wa rabaran, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Ruwan jiya da su muka ɗebo shi. Ba za a yi wa jikana a nan ba su suna tsaye hannu wofi. In babu nasu yau, nawa ma ya jira."

Muna cikin haka sai ga Buba da ƙwaryar nono a hannu, ya zo ba da haƙuri. Da ya ji abin da ake ciki, ya ce, "In ruwa mai zurfi kuka biɗa, ku taho. Akwai gurbi ga kwanar gulbi, can muka kai shanu in rani ya yi tsanani. Ko yanzu shina kai ma mutum ƙirji." Ya aika aka kawo amalanken ƙanensa don tsofaffi. Sauranmu muka hau babura uku-uku, 'yan zumuntar matan coci suna buga tulunansu na kiɗa a kan amalanke, muka ratsa yashi har wurin.

Gurbin yana ƙarƙashin wata gaɓa mai tsayi, ruwan kore, da sanyi. Baba Dauda ya fara shiga da sanda ya auna, ya fito yana murmushi. Fasto ya nutsar da mutum bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan kofur sai da mutum biyu suka taimaka aka ɗago shi. Duk wanda ya fito, Mama Uche ce take miƙa masa tawul daga shagonta, tana guɗa.

Sannan rabaran ya tsaya a bakin ruwa, aka kawo jaririn. Ba a zo da kasko ba, sai aka wanke ƙwaryar nonon Buba aka ɗebo ruwa daga gurbin. Rana ta take, babu inuwa a wurin, yaron ya fara tsala kuka. Mama Uche ta miƙa wa Baba Dauda ƙwaryar ta ce ya riƙe wa rabaran.

Ya ɗaga hannu biyu. "A'a, Mama. Ƙwarya ba zan riƙe ba. Kin san ban yarda da wannan ba, ba zan yi miki ƙarya a gaban Allah ba."

Sai ya juya ya tafi wajen amalanke. Na zaci fushi ya yi. Ashe tsohuwar lemarsa baƙa ya je ɗaukowa. Ya dawo ya buɗe ta a kan yaron, ya tsaya ƙyam kamar yana fareti, har aka gama. Saratu ce ta riƙe ƙwaryar.

A gindin wata tsamiya a saman gaɓa aka yi Jibi. Fasto da rabaran suka yi magana da Malam Iliya a gefe, suka ce su baƙi ne, dattijon wurin shi zai raba. Aka miƙa wa Baba Dauda farantin. Ya bi layi, sababbin da aka nutsar gashinsu bai bushe ba, suka ɗauka. Ya zo kaina na ɗauka. Saratu tana kusa da ni, hannunta a kan cinya, ba ta miƙa ba. Ya tsaya a gabanta.

"Ɗiyata, ɗauki. Maganar ruwa ba mu gama ba, ni da ke, kuma gobe ma zan gaya miki kin yi kuskure. Amma teburin nan ba nawa ba ne."

Ta ɗauka. Ya wuce wurin Mama Uche, ita ma ta ɗauka, kuma ranar ce kaɗai na ga ba ta ce masa komai ba. A lokacin ne Malam Tanko ya miƙe, ya kira matarsa da 'ya'yansa, ya tayar da babur. Malam Iliya ya bi shi har kan yashi yana roƙo, bai tsaya ba.

Ba a share zauren Mama Uche ba. Har yau ɗaki ɗaya muke, ni da Saratu benci ɗaya. Duk wanda zai yi baftisma, Malam Iliya yana koya masa abin da kowane gefe ya gaskata da dalilinsa, ba ya ɓoye nasa ra'ayin, ba ya tilasta wa kowa. Baba Dauda da Mama Uche suna nan suna gardama kowace Lahadi bayan sujada, kowa da ayoyinsa, yara suna kewaye su kamar ana dambe. Bayan damina biyu na sake gina kwamin. Katanga na fara yi da ƙofar ƙarfe kafin in haƙa rami, matakalar kuma na bar ta da kaushi, na ja mata layuka da ƙusa. Saniyar kuwa tun a shekarar da ta faɗa kwamin ta haifi ɗan maraƙi lafiya, Buba ya kawo mana nononta na farko da ya kafa.

Abin da muka rasa a shekarar saniyar ga shi: buhun siminti goma sha ɗaya, zana takwas, bakin diga ɗaya da ya karye, ruwan da mata suka ɗebo mako guda, da gidan Malam Tanko, mutum shida. Kowace Lahadi suna hawa babur zuwa wani gari su yi sujada. Muna gaisawa a kasuwa, na gina masa tanki a gidansa bara, amma ba su dawo ba.